Mai Riƙon Wando Ba Shi Da Mai

Duk mai son ya san yadda muke raba kulawa tsakanin kayanmu, ya tsaya ya kalli magidanci a garin Gude yana shirin masallacin Juma'a ko ɗaurin aure. Tun ranar Laraba an kai shadda wurin mai wanki, ta sha sitaci da guga har tana ƙara in an taɓa ta. Hula an wanke an kafa, an fitar mata da kari. Takalmi ya je wurin ɗan shushaina ya sha burushi har mutum zai iya duba haƙoransa a jiki. Agogo an hura masa iska an goge da gefen riga, turare kuwa an fesa har kajin gidan sai da suka yi atishawa. Sai can a ƙurarren lokaci, liman na shirin hawa mumbari, a tuna da bel. Yana ina? Yana nan jikin wandon shekaranjiya, a ƙudundune a bayan ƙofa, inda aka tuɓe su tare aka yar. A zaro shi kamar ana jan maciji daga rami, a zura, a ja, a saki riga a kansa, shi ke nan. Alhali cikin duk kayan nan babu wanda in ya yi yaji zai kunyata mutum nan take kamar bel. Hula in ta faɗi a sahu ɗauka ake yi, takalmi in ya tsinke a riƙe shi a hannu a ƙarasa gida, amma wando in ya zame babu mai ce maka sannu sai ya gama dariya. Duk da haka shi kaɗai ne ba a taɓa ware wa ko kwabo ba. Dalili ɗaya ne, kuma a kansa nake son in kafa hujja: muna auna kulawa da yawan idon da ke kan abu, bel kuwa rabonsa ya faɗo a ƙarƙashin riga.

Kada a ce zargi ne babu shaida. Shaidar farko tana wurin masu zanzaro, waɗanda aiki ya tilasta wa cusa riga a cikin wando: ɗan sanda, soja, ɗan sintiri, ma'aikacin banki, da ɗalibin sakandare ranar Litinin. Su kaɗai za ka ga bel ɗinsu na sheƙi, kuma tausayin fata bai kawo haka ba, akwai mai duba su ne a fareti ko a layin safe. Ko a cikinsu ma, in ka lura, gyaran ya tsaya a gaba, daga wannan ƙugu zuwa wancan, daidai inda madubi ke iya nunawa. Zagaya bayan mutumin ka gani. Fatar ta lanƙwashe a tsakiya, ta yi fari fat, ta yi faso kamar dugadugan manomi a watan Janairu. Samarin da ke bin titin Gwarzo su shiga Kano su dawo da bel mai ƙaton kai kuwa, kan suka saya, sauran kyauta aka ba su. Za su goge ƙarfen nan sau goma a yini, su riƙa ɗage riga kamar masu jin zafi ko da sanyi ake. Shaida ta biyu ta fi wannan ƙarfi, ita ce bel ɗin alhazai, wanda maniyyaci ke ɗaurawa a kan harami, mai aljihunan guzuri. Wannan bel da hannu a kansa ake barci. Ana taɓa shi a ɗawafi, ana taɓa shi a layin abinci, in an dawo gida a naɗe shi a sa a akwati tare da turare. Me ya bambanta shi da ɗan'uwansa na bayan ƙofa? Shi yana waje kowa na gani, kuma akwai kuɗi a cikinsa.

Halin nan bai tsaya a ƙugu ba. Shi ne ke sa a yi wa zaure fenti mai kyau a bar makewayi babu ƙofa, a wanke babur da omo kullum safiya a manta rabon da a juye masa mai, a tara jama'a da maroƙa ranar buɗe famfon burtsatse, ranar da wata 'yar roba ta lalace a cikinsa kuma a rasa wanda zai ce uffan. Hausawa sun daɗe da ba abin suna, suka ce kitso da ƙwarƙwata. Na zaɓi bel ne kawai don shi ne shaidar da kowa ke yawo da ita a jikinsa.

Abin haushin shi ne buƙatar bel ba ta taka kara ta karya ba. Fata dai jikin dabba ce. Lokacin da take kan sa ko akuya, jiki ne ke ba ta maiƙo da danshi. Da aka yanka aka feɗe, majemi ya jeme ta, ya ba ta mai na ƙarshe, daga nan ciyarwa ta koma kan wanda ya saya. Ƙasarmu kuwa ta tanadar mata abokan gaba uku, kowa da lokacinsa. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yana tsotse mata danshi har ta ƙage, kuma mutumin da ke shafa wa leɓensa da ƙafarsa basilin safe da yamma bai taɓa tunanin fatar da ke ƙugunsa ma iska ɗaya take sha ba. Bazara ta zo da gumi, gishirinsa ya ratsa wando ya shiga fatar ya zauna, shi ne farin zanen nan da ke fitowa kamar taswira. Damina kuma, musamman Agusta, ta sami bel a ƙudundune a lungu mai sanyi ta sa masa fumfuna. Maganin duka ukun bai fi a faɗa a numfashi ɗaya ba. A goge shi da tsumma mai ɗan danshi, a bar shi ya sha iska a inuwa, a lakato man kaɗe kamar ƙwayar gyaɗa a murza masa da yatsa ciki da waje, a bari ya kwana, da safe a goge abin da bai shiga ba. A yi haka farkon hunturu da ƙarshensa, in an ƙara sau ɗaya bayan damina an kyauta. Kullum dare a zare shi daga wando a rataye shi ta kai a ƙusa, don nauyinsa ya miƙar da shi. Wanda Allah ya hore wa guda biyu ya riƙa hutar da ɗaya ya bushe daga gumi. Mutanen da suka ƙware wajen rabon kwana tsakanin uwargida da amarya bai kamata wannan lissafi ya ba su wuya ba.

Sai dai ranar da tausayi ya kama mu, gara ma ranar da muka manta da shi. Za a tsoma bel a bokiti tare da wando, a cuɗe shi da omo, a shanya a kan kwanon ɗaki da tsakar rana, da la'asar a sauko da abin da ya fi kama da kilishi. Wani ya wuce wurin bakanike ya roƙi baƙin mai ya shafe shi da shi, ya yi wa farar shadda ɗamarar da ba mai wankin da zai iya fitarwa. Wani kuma ya tuttula masa man gyaɗa, bayan sati biyu ya fara warin tsohon ƙuli, tururuwa su kafa layi, ɓera ya zo da dare ya ɗauki nasa kason. Duk wannan ba jahilci ya kawo shi ba, saurin biyan bashi ne: kulawar shekara uku ake son a zuba a yini ɗaya.

Babu inda zaluncin ya fi fitowa fili kamar wajen huda. Yawancin bel da huda biyar yake zuwa, kuma an tsara shi ne a ɗaura a ta tsakiya, a bar biyu don ranar walima, biyu don watan azumi. Amma in jiki ya ƙetare wannan iyaka, maimakon a nufi baduku, sai a kafa maƙera a tsakar gida. Bayan sallar isha'i maigida ya cusa ƙusa 'yar inci uku a garwashin murhu, ya kifa turmi, ya shimfiɗa bel a kai, ya kamo ƙusar da filaya tana ja wur. Uwargida na tsaye da tocilan, ta ce, "Malam, ai da ka bari gobe an kai wa baduku." Ya ce, "Ke dai haska min." Sai ƙauri ya tashi kamar ana babbakar kai da ƙafa, yara su leƙo suna zaton nama ne. In hayaƙi ya wuce, ga huda nan ta fito, ba ta kan layin 'yan'uwanta, bakinta ya ƙone ya yi tauri, kuma daga wannan ƙonannen baki tsagewa za ta fara. Baduku yana da ƙarfen da ke cire 'yar da'ira tsaf ba tare da ya ƙona ko ya yaga ba, aikin bai kai a sha kofin shayi ba. To amma wa zai je gaban baduku ya amsa da bakinsa cewa ya rame? Nan ne asirin yake. Bel littafin tarihin tumbi ne, kuma ba ya karɓar cin hanci. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, hudojin bel ɗin malamin firamare suke tattaki zuwa ciki, wutsiyar tana ƙara tsawo har tana neman zagayowa baya. Na wanda ya ci zaɓe kuwa waje suke yi, ɗaya bayan ɗaya, har a iso bakin gaɓa, daga nan a canza bel da lambar waya a rana ɗaya.

Da a wata ƙasa ake wannan wulaƙanci da sai a ce ba su san fata ba. Amma Gude tana ƙaramar hukumar Kabo ne, a jihar Kano, ƙasar da sunanta ya yi nisa saboda jima da dukanci. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, kasuwar Kurmi take ci, kuma har yau akwai rumfunan dukawa a cikinta. Majema suna tuge gashi da toka, su jeme da bagaruwa, su rina ja da karan dafi, duk abubuwan da ke fitowa a gonakinmu da bakin rafukanmu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda ake fitar da takalma da jemammun fatu har zuwa Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta ƙetare Sahara, Turawa suka saye ta a hannun fataken arewacin Afirka, suka laƙaba mata sunan Maroko, suka yi bangon littattafansu masu tsada da ita. Yau ma fatun ragunan layya da ake tarawa a garuruwa irin su Gude da Garo da Getso, gishiri ake zuba musu a loda su zuwa Kano, masana'antun Challawa da Sharaɗa su sarrafa, da yawa su wuce Italiya da Sifen. A Samarun Zariya akwai cibiya sukutum ta gwamnatin tarayya da ke nazarin fata. Ƙirgin sa, wanda shi ne ke ba da bel mai kauri, shi kuma mun samo masa wata hanya, tukunya; har a 2022 shugaban waccan cibiya ya yi kiran a hana cin ganda don masana'antu su samu abin jima, masu miya suka ji shi suka ƙara barkono. Wato mun sayar da mai laushin, mun cinye mai kaurin, sannan muka tafi kasuwa neman abin da za mu ɗaure wando.

Abin da muka tarar a kasuwar shi ya haifi ƙorafi na farko da za a yi mini. Za a ce, malam, bel nawa yake da har za a zauna ana masa tausa? In ya tsinke a sayi wani. Wannan magana tana da gaskiya a kan irin bel ɗin da ake nufi, don shi ko man kaɗen duniya aka ba shi ba zai sha ba. Ragowar fata ce aka niƙa aka kwaɓa da gam aka matse, ko kuma yadi ne aka shafe da roba, aka buga masa tambarin wani kamfanin Turai da bai san da zamansa ba. Harshenmu ma ya riga ya tona wannan asiri: kalmar da Turawa ke kiran fata da ita, da ta shigo Hausa sai ta koma leda, abin ƙulla sikari da shimfiɗar ɗaki. Don haka in mai tebur ya rantse maka ya ce, "Wallahi Alhaji, wannan leda ce zalla," bai yi kaffara ba. Zai kyasta ashana ya gifta ta a jiki da sauri don ya nuna ba ya narkewa, da saurin da ko auduga ba za ta kama ba. Mai son gaskiya ya bar ashana, ya dubi bakin huda da bayan bel ɗin: fatar gaske tana nuna 'yan zaruruwa a cakuɗe, kuma tana warin fata, ta bogi kuwa hawa-hawa take kamar biskit, bayan wata uku ta fara saɓa kamar maciji. To a nan hujjar araha ta juyo kan mai ita. Me ya sa muke sayen na bogin tun farko? Saboda ranar saye ya fi na baduku ƙyalli, ido kuma shi muke yi wa sayayya. Mutum ya sayi huɗu a jere, kowane ya yi masa wata shida, ya biya fiye da kuɗin guda ɗaya na ƙirgi da zai kai ɗansa ya gada, yana kuma ganin ya yi wayo.

Ƙorafi na biyu na masu kishin gargajiya ne. Su za su ce bel baƙo ne, wandon Bahaushe da mazagi aka san shi, a koma ga zariya a huta. Na yarda mazagi yana da kirki. Ba ya neman huda, yana tafiya da tumbi duk inda ya nufa, kuma ba ya ba da shaida a kan kowa. Sai dai telolin Gwarzo da Kabo sun riga sun yanke hukunci, don yanzu wandon kaftani ma da zif da 'yan kunnuwan zura bel suke ɗinka shi, sai dattijo ya roƙa a yi masa ƙubaka. Kuma fata a ƙugu ba Turawa suka koya mana ba. Shi kansa kamfanin Levi's bai sa wa wandonsa kunnuwan bel ba sai a 1922, alhali mafarauta da 'yan tauri da 'yan dambe sun daɗe da guru da ɗamara, maƙera da walkinsu, har harshe ya ɗauka, duk mai shirin babban aiki a ce ya ɗaura ɗamara. Waɗannan kuwa ana kula da su sosai, don a fage ake nuna su. Je ka barga gabanin hawan Sallah ka ga yadda ake shafe linzami da majayi da mai. Majayi bel ɗin doki ne. Doki ya samu abin da ubangijinsa ya hana kansa. Sannan shi mazagin da ake yabo, wace gata aka yi masa? In ya shige ƙubaka a bi shi da tsinken tsintsiya ana tsaki, in ya tsinke a maye gurbinsa da igiyar buhu ko matacciyar wayar caja. Shi ma a ƙarƙashin riga yake, hukuncinsu ɗaya.

Ƙorafi na uku shi ya fi nauyi, kuma ba zan yi masa dariya ba. Mutumin da bai samu man da zai sa a miya ba, ina ya ga na shafa wa bel? Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, kuma wanda ya wuni a gona ko a kan acaɓa yana da abin tunani da ya fi wannan. Amma a duba abin da aka nema: ƙusa ɗaya a bango, tsumma, inuwa, da man da bai kai wanda ke maƙalewa a murfin kwalba ba. Mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa asara in bel ya tsinke, don shi ne ba shi da na biyu, kuma ba a gida abin ke faruwa ba, sai an ɗaga ƙafa za a hau mota a tasha. Da talauci ne dalili, da mun ga bel ɗin masu hali yana walwali. Sai ga shi Alhajin da ke da mai wanke mota da mai goge takalmi, in ya isa filin jirgin Malam Aminu Kano aka ce ya cire bel ya sa a tire, sai ya naɗe shi da sauri ya rufe da hula, yana riƙe da wando da hannu ɗaya yana kallon sama.

A gidaje da yawa ma bel ba ya ganin hasken rana sai yaro ya yi laifi. A ranar ne ake zaro shi da ƙarfi a gaban kowa, a ba shi aikin dorina, aikin da ba a ɗauke shi don shi ba, yaro ya tashi yana jin ƙarar kan bel gabansa na faɗuwa, fatar kuma ta ƙara tsagewa a inda aka ninka ta. In ya tsufa babu sallama babu fansho: a yanka shi a yi wa ƙofar akurki maratayi, ko a ɗaure buhu da shi a bayan babur, ko a ƙulla shi a wuyan akuya, wadda wataƙila jikar mai fatar ce. Saboda haka, mai karatu, ba na neman ka kira taro ko ka kafa kwamiti. Yau da dare in za ka tuɓe, zaro shi daga wandon, kai shi gaban fitila ka dubi bayansa, inda ba ka taɓa kallo ba. In na leda ne, Allah ya ba ka haƙuri. In fata ce, ka aiki yaro wurin uwargida ya karɓo ɗan man kaɗe, ka kuma gaya masa tun daga nesa cewa ba dukansa za a yi ba.